Zaizayar ƙashi: ina ƙarfin ƙwayoyin kalsiyam da bitamin D ya tsaya?

Tsohuwa ta tashi alwalar asuba, santsi ya ɗebe ta a bakin rariya, ta zauna daɓas. Irin faɗuwar da jikarta za ta yi ta miƙe ta karkaɗe zane, ita sai ta kasa tashi. Aka kai ta asibiti, hoto ya nuna ƙashin kwatangwalo ya karye. Kafin mako ya zagayo ɗakinta ya cika da robobin ƙwayoyi. Ɗa ya aiko da na Ingila, 'ya ta sayo na kemis, maƙwabciya ta kawo wanda ake talla a WhatsApp, mai hoton ƙashi a jikin kwali. Kowa da kyakkyawar niyya ya kawo, kuma an kashe kuɗi ba kaɗan ba. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa a nan ake tsayawa, a ɗauka an yi maganin cutar, alhali ko sunanta ba a ambata ba.

Sunanta a asibiti ostiyoforosis, wato zaizayar ƙashi. Dole a raba ta da abin da muke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, don mutane kan haɗa su a kwano ɗaya. Sanyin ƙashi yana da zogi, a gwiwa ko kafaɗa ko yatsu, mai shi ya san yana tare da shi. Zaizayar ƙashi kuwa ba ta zogi. Aikinta irin na gara ne a jikin azara, waje lafiya lau, ciki duk ramuka, sai ranar da aka ɗora ɗan nauyi ta ɓalle. Ta fi kama wuyan hannu da gadon baya da kwatangwalo. Na gadon baya ma sau da yawa ba a san ya karye ba. Ƙasusuwan ne ke lotsawa ɗaya bayan ɗaya, Iya ta rage tsawo, ta fara ranƙwafawa, mu ce ai tsufa ne. Gidauniyar duniya mai yaƙi da wannan cuta ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar, daga cikin waɗanda suka haura shekara 50, za su samu karaya saboda ita. Ta kwatangwalo ce mafi muni, don kusan mutum ɗaya cikin biyar na tsofaffin da ta sama ba ya cika shekara a raye. Doguwar kwanciya ce ke jawo ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya da gyambon kwanciya.

Ƙashi abu ne mai rai. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki a cikinsa dare da rana, wasu na rushe tsohon gini, wasu na bin bayansu suna ɗora sabo. Kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan babba ake sabuntawa duk shekara. Daga yarinta zuwa wajen shekara 30 masu gini ne ke da rinjaye, a nan ƙashi ke kai iyakar kaurinsa. Bayan nan sai a fara cin abin da aka tara. Ga mace, sinadarin istirojin ne ke riƙe da linzamin masu rushewa, to da jinin al'ada ya ɗauke sai linzamin ya saki, ƙashi ya yi ta zuba da sauri a shekaru biyar zuwa goma na farko.

Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan ragowar da ke yawo a jini shi ke sa zuciya ta buga, tsoka ta motsa, jijiya ta isar da saƙo, kuma jiki ba ya yarda wannan ya ragu ko kaɗan. In abinci bai kawo ba, sai ya shiga rumbu ya ɗebo, rumbun kuwa shi ne ƙashi. Shi ya sa za a gwada jinin tsohuwa a ce kalsiyam ɗinta daidai yake, iyali su koma gida da murna, alhali rumbun ne ake ta yashewa don jinin ya zauna daidai. Bitamin D kuma shi ke buɗe wa kalsiyam ƙofa a hanji. In babu shi, abin da hanji ke tsotsa daga abinci bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, in akwai shi ya kai kashi 30 zuwa 40. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, hanta ta gyara, ƙoda ta ƙarasa.

Wanda ya ji wannan bayani zai ce ai magana ta ƙare, a ba kowane tsoho kalsiyam da bitamin D. Likitoci ma haka suka ɗauka na tsawon lokaci, kuma suna da hujja. A 1992 Marie-Claire Chapuy da abokan aikinta a Faransa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a kan tsofaffin mata 3,270 mazauna gidajen kula da tsofaffi, waɗanda matsakaicin shekarunsu 84 ne. Rabi aka ba su miligiram 1,200 na kalsiyam da IU 800 na bitamin D (IU ma'aunin bitamin ne) kullum, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Bayan wata 18, cikin waɗanda suka kammala gwajin, karayar kwatangwalo ta ragu da kashi 43 cikin 100 a ɓangaren masu shan na gasken. Ba ƙaramin sakamako ba ne, kuma shi ya buɗe wa waɗannan ƙwayoyi kasuwa a duniya.

Sai dai a duba su wane ne matan. Tsofaffi ne tukuf, ba sa fita rana, abin da suke samu na kalsiyam a abinci bai wuce miligiram 500 da 'yan kai ba, bitamin D ɗinsu kuma a ƙasa yake. Da aka maimaita gwajin a kan mutanen da ke zaune a gidajensu suna cin abinci mai kyau, sai labari ya canza. A Amurka an bi mata 36,282 da suka daina al'ada har kimanin shekara bakwai, rabinsu na shan miligiram 1,000 na kalsiyam da IU 400 na bitamin D. Sakamakon da ya fito a 2006 bai nuna raguwar karaya da za a iya dogara da ita ba idan aka haɗa matan gaba ɗaya, amma tsakuwar ƙoda ta ƙaru da kashi 17 cikin 100. Masu kare ƙwayoyin sun ce cikin matan da suka dage da sha ba fashi, karayar kwatangwalo ta ragu, kuma gaskiya ne. Amma su ma waɗannan mata tun kafin gwajin suna samun sama da miligiram 1,000 na kalsiyam a rana. A 2022 wani gwajin na Amurka mai suna VITAL, wanda ya bi mutum 25,871 fiye da shekara biyar, rabinsu na shan IU 2,000 na bitamin D kullum, ya nuna babu bambancin karaya tsakanin masu sha da marasa sha. Su ma ba a zaɓe su don suna da ƙarancin bitamin ko zaizayar ƙashi ba.

In aka jera waɗannan gwaje-gwaje, ba sa saɓa wa juna. Wanda ke da giɓi, ƙwaya na cike masa giɓin, ƙashinsa ya amfana. Wanda tulunsa ya riga ya cika, duk ruwan da aka ƙara ƙasa yake zuba. Shi ya sa a 2018 kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafin cututtuka ya ce bai goyi bayan mata masu lafiya da suka daina al'ada su riƙa shan ƙananan awo, wato IU 400 na bitamin D da miligiram 1,000 na kalsiyam ko ƙasa da haka, don gudun karaya ba. Amma ya fayyace cewa maganar ba ta shafi wadda aka tabbatar tana da zaizayar ƙashi, ko ta taɓa karyewa saboda ita, ko take da ƙarancin bitamin D ba. Masu yaɗa labarin a intanet kan yanke wannan ƙarshen, su bar mutane da cewa wai bitamin D ba shi da amfani.

Akwai kuma masu ganin in kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. A nan ne nake so a yi hattara ƙwarai. A Ostireliya an ba mata 2,256 masu shekara 70 zuwa sama ko dai IU 500,000 na bitamin D sau ɗaya a shekara, ko ƙwayar da ba komai. Sakamakon 2010 ya ba masu binciken kansu mamaki, domin waɗanda suka sha bitamin sun fi faɗuwa da kashi 15 cikin 100, sun fi karyewa da kashi 26. A Kanada kuma, a 2019, an kwatanta masu shan IU 400 da 4,000 da 10,000 kullum har shekara uku, sai aka ga masu shan mafi yawa ne kaurin ƙashinsu ya fi raguwa. Bitamin D ba ya fita a fitsari kamar bitamin C, a kitsen jiki yake taruwa. In ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini, a fara ƙishirwa da yawan fitsari da tashin zuciya da ruɗewa, ƙoda ta jigata. Awon da hukumar kimiyyar lafiya ta Amurka ta tsayar a 2011 shi ne IU 600 a rana har zuwa shekara 70, IU 800 bayan nan, kuma kada a wuce 4,000 sai da umarnin likita. Ƙwayar nan mai IU 50,000 da ake samu a kemis ta masu ƙaranci ce da aka gwada aka tabbatar, sau ɗaya a mako na ɗan lokaci. Ba ta shan kullum ba ce.

Kalsiyam ma yana da tasa rigimar. A 2010 Mark Bolland da abokansa a Niyu Zilan suka tattara gwaje-gwaje suka ce ƙwayar kalsiyam ita kaɗai na iya ƙara haɗarin bugun zuciya da kusan kashi 30 cikin 100. Wasu masana sun yi musu, kuma har yau ba a rufe zancen ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ba a ga wannan haɗari ga kalsiyam ɗin da aka ci a abinci ba.

To mu a wane ɓangare muke, na matan Faransa ko na matan Amurka? Wani bincike da aka yi a Jos ya ba da haske. Tom Thacher da abokan aikinsa sun duba yara 123 masu laushin ƙashi, irin wanda ke sa ƙafa ta yi baka ko gwame. A littattafan Turai ƙarancin bitamin D ne ke jawo wannan, amma yaran Jos a rana suke wuni. Da aka auna abincinsu sai aka ga kalsiyam ɗin da suke samu bai wuce miligiram 200 a rana ba. A sakamakon da ya fito a 1999, kusan shida cikin goma na waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun warke cikin mako 24, amma waɗanda aka ba bitamin D kaɗai ba su kai biyu cikin goma ba. Cutar yara daban, ta tsofaffi daban, amma tukunya ɗaya ce ake dafa wa jika da kaka. Tuwon masara ko dawa ko shinkafa ba shi da kalsiyam na a zo a gani, kuma dusar hatsi na ɗauke da wani sinadari da ke ɗaure ɗan wanda ke akwai ya hana hanji tsotsa. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, yana rage wannan. A ganina giɓinmu na farko a kwanon abinci yake, kuma a wannan fuska mun fi kama da matan Faransa.

Rana ma kada a ɗauka ta wadaci kowa don muna ƙasar zafi. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashen Afirka, wanda ya fito a 2020, ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku bitamin D ɗinsa bai kai yadda ake so ba. Baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana kafin ta haɗa abin da farar fata ke haɗawa, fatar tsoho kuma ba ta kai ta yaro ƙoƙari ba. Ranar da ta ratso gilashin taga ko na mota ba ta yin aikin. Hajiyar da ke wuni a ɗaki, da ma'aikacin da ke fita daga mota ya shige ofis, da tsohon da ciwo ya kwantar, duk suna iya rasa shi a tsakiyar Kano ko Zinder. Tsakar gida irin tamu ta gargajiya tana da amfani a nan, mace za ta iya zama hannuwa da ƙafafu a buɗe na ɗan lokaci ba tare da ta fita ko'ina ba.

Mace da ta haura 50 ana so ta samu miligiram 1,200 na kalsiyam a rana bisa awon Amurka, namiji 1,000 har ya kai 70. Ingila ta tsaya a 700 ga babba mai lafiya, abin da ke nuna su kansu masanan ba su haɗu a kan lamba ɗaya ba. Kofi ɗaya na madara ko nono ko kindirmo yana ba da kimanin 300. Garin kuka da zogale da riɗi da tamba duk suna da shi sosai, haka ƙananan kifi da ake taunewa da ƙayarsu. Kifin sadin da taitus da gwaiduwar ƙwai na kawo ɗan bitamin D. Kuma abinci ba ƙaramin magani ba ne. A 2021 an fitar da wani gwaji daga gidajen tsofaffi 60 a Ostireliya, inda ba a ba kowa ƙwaya ba, madara da cuku da kindirmo kawai aka ƙara a abincin rabinsu. Cikin shekara biyu karaya ta ragu da kashi 33 cikin 100, ta kwatangwalo da kashi 46. Kuɗin roba ɗaya ta ƙwayar waje zai sayi nonon makonni, a dai tabbatar an tafasa madarar kafin a kafa ta.

In abinci bai cike ba, a nan ƙwaya ke shigowa, kuma giɓin kawai za a cike. A juya kwalin a karanta. Kalsiyam kabonet shi ya fi araha, amma kashi 40 cikin 100 ne kawai na nauyinsa kalsiyam, don haka ƙwaya mai miligiram 1,250 tana ba da 500. Tare da abinci ake shan sa, don yana buƙatar tsamin ciki, kuma yakan sa maƙarƙashiya da kumburi. Kalsiyam sitiret ya fi tsada, ana iya shan sa ciki wayam, ya fi dacewa da masu shan maganin olsa irin omefirazol. Hanji ya fi tsotsa da kyau in awon bai wuce kimanin 500 a zama ɗaya ba, saboda haka in ana buƙatar fiye sai a raba safe da dare. Kada a haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini, ko magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin sifuro da tetarasakilin, ko maganin maƙoƙo, don yana riƙe su ya hana su shiga jiki. A bar tazarar awanni. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ko yake da ciwon ƙoda kada ya fara sai ya ga likita, kuma a zafin bazara irin namu mai shan kalsiyam ya yawaita shan ruwa. A duba lambar NAFDAC.

Sauran abubuwan da ake cusawa a robar don ta yi tsada ba sai an daɗe a kansu ba. Maganiziyam na da rawar da yake takawa a ƙashi, amma gyaɗa da wake da ganye na samar da shi. Bitamin K2 ana ba da shi a Japan a matsayin magani, da awo mai yawa, sai dai gwaje-gwajen wasu ƙasashe ba su nuna yana hana karaya ba, kuma wasu daga cikin binciken da suka ɗaukaka shi na wani likita ne, Yoshihiro Sato, wanda daga baya aka gano ƙirƙirar sakamako yake yi, aka janye takardunsa da dama. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya kusanci bitamin K ba da sanin likita ba. Bitamin A kuwa in ya yi yawa an danganta shi da ƙarin karaya, don haka mai haɗa man hantar kifi da ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe ya lura.

Yanzu ga inda tsohuwar farkon zancenmu ta tsaya. Ana tabbatar da zaizayar ƙashi da na'urar DXA, wadda ke auna kaurin ƙashi, kuma tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maki -2.5 zuwa ƙasa a awon na'urar a matsayin iyakar da ke nuna cutar. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, amma tsohuwar da ta karya kwatangwalo ko gadon baya daga faɗuwar tsaye ba sai an jira ta ba, karayar ta isa shaida. Irin wannan ta wuce matakin bitamin kaɗai. Kalsiyam da bitamin D tubali da siminti ne, ba sa hana masu rushewa aikinsu. Akwai magungunan da ke yin haka. Alendironet, ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 a mako, yana rage karayar gadon baya da kusan rabi. Da safe ake shan sa ciki wayam da cikakken kofin ruwa, a zauna ko a tsaya miƙe har minti 30, kalsiyam kuma sai can anjima. Zoledironet ƙarin ruwa ne sau ɗaya a shekara, kuma a gwajin 2007 ya rage karayar gadon baya da kashi 70 cikin 100, ta kwatangwalo da kashi 41. Denosumab allura ce duk wata shida, ba a kuma daina ta kwatsam, don ƙashi kan zube da sauri. Suna da nasu illolin, shi ya sa ake duba haƙora da ƙoda kafin a fara, a sake zama da likita bayan 'yan shekaru. A gwaje-gwajen waɗannan magunguna ana tabbatar da cewa kowa na samun isasshen kalsiyam da bitamin D, don maganin ba ya aiki yadda ya kamata in babu su, har ma kalsiyam na jini na iya faɗuwa. Wannan shi ne ainihin mazaunin ƙwayoyin a wurin mai cutar. Ko mai ɗori ne ya ɗaure karayar ta haɗe, sauran ƙasusuwan suna nan yadda suke, kuma wanda ya karye sau ɗaya ya fi kowa kusa da na biyu.

Wani abu kuma da ya fi ƙarancin bitamin tayar mini da hankali shi ne sitiroyid, wato rukunin magungunan da ke rage kumburi da zogi. Deksametason da firedinisolon suna cikin manyan masu cin ƙashi, miligiram 5 na firedinisolon kullum har wata uku ya isa ya fara ɓarna. Ga su nan ana sayarwa barkatai, a cikin "sha ka fashe" da 'yan mata ke sha don ƙiba, da cikin haɗin da ake ƙulla wa tsofaffi a leda don ciwon gwiwa. Tsohuwa ta sha ta ji sauƙi nan take, ta yi ta aikawa a ƙaro, fuska ta kumbura a ce ta yi ƙiba. Maganin sanyin ƙashi ya zama sanadin zaizayar ƙashi. Duk mai tsoho a gida ya zazzage ledar magungunansa ya kai wa likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna ya duba. In an samu sitiroyid kuma an daɗe ana sha, kada a yanke shi rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, a hankali likita ke rage shi. Taba da giya da yawan gishiri su ma suna rage ƙashi.

Yawancin karayar kwatangwalo faɗuwa ce ke kawo ta, kuma babu ƙwayar da ke hana santsi. Tafiya kullum da tashi daga kujera a zauna sau da yawa suna ƙarfafa cinya, wake da ƙwai da kifi suna riƙe tsoka. A duba idon Iya ko yana ya rufe shi, a duba ko maganin hawan jini ko na barci na sa ta jiri in ta miƙe. Tayil ɗin banɗaki a shimfiɗa masa abin da ba ya zamewa, a kafa ƙarfen riƙewa a bango kusa da inda take tsugunawa, a sama mata kujerar alwala da silifas mai kama ƙasa, a ajiye tocila a gefen katifarta saboda daren da babu wuta.